Tsakanin Japan da Koriya

Yaya Daso,

Assalamu alaikum. Ya gida, ya yara? Ya jikin Inna? Allah ya ƙara sauƙi.

Mu nan Kuala Lumpur lafiya lau. Kin tambaya ko za mu zo hutun Disamba. To, abokan aikin Baban Rayyan za su je wasan zamiya a kan dusar ƙanƙara, shi ma ba za a bar shi a baya ba. Mutumin da ke neman bargo idan an kunna fanka!

Da yake shi mai shawara da iyali ne, ya nuna mini hotunan wurare biyu, ɗaya a Japan, ɗaya a Koriya, ya ce, "Zaɓi naki ne, Maman Rayyan." Na ce Kano fa? Ya ce baɗi in sha Allahu. Bara ma haka ya ce.

Kada ki damu, ina cin abinci. Na ɗauki na Koriya, don an ce waya tana kamawa har kan dutsen. Ki ajiye wayar Inna kusa da matashinta. Idan ta tambaya, ki ce aiki ne ya riƙe shi, kada ki ce ni na zaɓa.

Ƙanwarki,
Khaulah