Abin da Baba Yake Bugawa

Federal Low-Cost, Gombe.

Yaya Bilyaminu,

Bayan gaisuwa mai yawa, yaya aiki, yaya Anti Lubna da yara? Muna lafiya, jikin Baba da sauƙi. Amma raina a ɓace yake, kuma kai ka ɓata shi.

Ka zo mana kwana biyu, ka kwashi tsohuwar talabijin ɗin Baba ka ba 'yan gwangwan, ka dire mana sabon allon talabijin, ka tafi kana ganin ka yi abin kirki. Ko tambaya babu. Ka manta tsohuwar kwamfutarsa ta zamanin koyarwa da wannan talabijin kaɗai take aiki? Tun da shanyewar ɓarin jiki ta ɗauke masa magana, ita ce abokiyar zamansa. Mako guda bai ci abincin kirki ba.

Na ɗauki kwamfutar a keke na kai wa Tobenna, mai gyaran rediyo a Bolari. Ya ce lafiyarta ƙalau, ta wayar eriya take fitar da hoto, sabon allo kuwa ba ya karɓar wannan. Ya cire ɗan akwatin eriyar, ya liƙa wata 'yar na'ura da dalma, ya huda bayanta ya sa sabon soket. Kwana uku yana fama kafin hoton ya daina rawa.

Jiya muka haɗa, rubutu ya fito tar. A waccan talabijin dishi-dishi muke gani, muka ɗauka danne-danne kawai yake yi. Kai ne ma ka faɗa a gabansa cewa hankalin Baba ya tafi, a ƙyale shi ya yi wasansa. Ni kuma na yi shiru, abin da ke cin raina ke nan.

Da yatsa ɗaya, a cikin kusan minti goma, ya buga: “Ina jin duk abin da kuke faɗa. Shekara biyu ina rubuta muku.”

Kada ka kuskura ka ce mini ashe gara da ka zubar da tsohuwar talabijin ɗin. Kada kuma ka kira ni a waya ka ce in ba shi haƙuri a madadinka. Ka shigo mota ka zo. Ya rubuta cewa akwai saƙonka, kuma ya ƙi buga shi a gabana.

Ka gaida mutanen gida.

Ƙanwarka,
Asta