Fuskar da Na Aiko wa Inna

Yaya,

Ina gaishe ki da kyau. Ya yara, ya idon Inna? Mu lafiya lau, ciki ya shiga wata bakwai. Maigida yana fita tun safe, ni kuwa sai ɗaki da littattafaina, har na kusa haddace su. Ba na kuka da komai, shirun ne dai ya ɗan yi yawa.

Ki buɗe kwalin nan a hankali. Da aka yi min hoton ciki, likitar ta ce suna da na'urar da ke fitar da siffar jariri da roba. Washegari aka miƙo min fuskar 'yata, ba ta fi tafin hannu ba. Ni da na gama tsara mata dogon hanci irin na 'yan matan littafi, sai ga hanci a baje. Maigida ya ce, "Gimbiya, wannan ba namu ba ne, ki bincika gidanku." Ni kuwa na ƙi yarda.

A bakin taga na ajiye ta, da ita nake hira in na gama shara. Sai na tuna hoton da na turo a waya, da kika ce Inna, tunda ba ta gani, ta yi ta shafa gilashin tana tambayar ina jikar take. Shi ya sa na aiko. Ni ai ina da mai motsin.

Ki sa wa Inna a hannu, kada ki ce komai. In ta kai kan hancin ta ambaci marigayi Baba, ki sanar da ni in ba maigida haƙuri.

Allah ya sada mu da alheri.

Ƙanwarki