Majinyacin da Ba a Tambaya Ba

Ɗiyata,

Bayan gaisuwa, ya mai jiki? Tunda jinyar mahaifinki ta hana ki zuwa aji, bari in biyo ki da takarda. Ƙarshen wata za ki tsaya gaban malamai ki gabatar da nazarinki na darasin ɗa'ar aiki. Kin san bara ba ki ci darasin nan ba, in aka sake, babu ke babu fita koyon aiki a asibiti.

Na karanta abin da kika aiko, labarin dattijon da 'ya'yansa suka ɓoye masa cewa ciwonsa ba na tashi ba ne. Zaɓin ya yi. Amma ko'ina "wai": wai ɓoyewa tausayi ne, wai faɗa haƙƙi ne. Ke fa? Abin da muke so shi ne ki faɗi abin da ya faru, ki ba kowane ɓangare haƙƙinsa, sannan ki tsaya a wuri ɗaya da hujja. Na san za ki iya.

Malamarki

Malama,

Ina gaishe ki da girmamawa. Jiki da sauƙi, haka dai muke cewa. Dattijon nan Babanmu ne. Yaya ne ya ce kada kowa ya faɗa masa, shi kuma yake ɗauke da gidan. In na ce ɓoyewa kuskure ne, na yanke wa yayana hukunci a gaban mutane. Don Allah a bar ni in canza batu.

Ɗalibarki

Ɗiyata,

Allah ya ba shi lafiya, ya ba ku juriya. Kada ki canza. Ba za ki ambaci sunan kowa ba, ni kuma bakina alekum. Ba ɓangaren da kika ɗauka nake dubawa ba, hujjar nake aunawa. Sai dai na ji ta bakin likita, na ji ta 'ya'ya, ban ji ta mai ciwon ba. An taɓa tambayarsa ko yana son sani?

Malamarki

Malama,

Gaisuwa da godiya. Na tambaye shi ina yanke masa farce. Dariya ya yi har da tari. Ya ce, "Tun ranar da yayanki ya daina yi mini faɗan sukari a shayi na gane. Shiru na yi don kada ya karaya." Ashe kowa ɓoye wa kowa yake! Yanzu sun zauna su biyu, ya faɗa wa Yaya abin da yake so a yi. Ya kuma yarda in kawo maganarsa aji.

Jiya da na gabatar da nazarin, kin ga yadda shugaban sashe ya tsare ni da tambayar ko na fi iyalin tausayi ne. Ban san daga ina amsar ta fito ba, da na ce kafin a yi gardamar a faɗa ko a ɓoye, a fara tambayar mai ciwon iya abin da yake son ji. Har yanzu ban ji sakamako ba. Na ci?

Ɗalibarki

Ɗiyata,

Kin ci, kin kuma fi kowa. Shugaban sashe ya ce a sa amsarki cikin darasin baɗi. Ki zo ki gwada farar rigarki, asibiti na jira. Ki gaida Baba, ki ƙara masa sukari.

Malamarki mai alfahari da ke