Na Gano Laifin Mijin Yayata a Ƙwaƙwalwar Kwamfuta

Anti mai fili, don Allah ki agaza mini kafin bakina ya raba ni da 'yar'uwata.

Ni injiniyar kwamfuta ce. A kamfaninmu muna da manyan na'urori, a cikin kowace muna ƙirƙirar ƙananan kwamfutoci na manhaja zalla, marasa jiki, muna bayarwa haya. Idan ɗaya ta faɗi, wato kanel ɗinta, uwar manhajar da ke juya komai, ta rikice ta tsaya cak, sai mu kwafe duk abin da ke cikin ƙwaƙwalwarta a daidai lokacin. Aikina shi ne in zauna in tone wannan kwafi layi-layi har in gano abin da ya kashe ta. A ofis mai wankan gawa suke kirana, ni ko a jikina.

Shugaban sashenmu mijin yayata ne. Shi ya yi mini hanyar aikin, ban musa ba, ko na so mantawa ma ba zai bar ni ba. Anti, in kika gan shi cikin kwat yana zagaya tebura da kofin shayi, sai ki rantse shi ya ƙera kwamfuta. Alhali iliminsa kaf bai wuce a kashe a sake kunnawa ba. A bayan idonsa Oga Kashe-Kunna ake ce masa.

Bara ya kafe sai shi da kansa zai rubuta manhajar da ke haɗa kwamfutocin da rumbun ajiyar bayanai, wai a san hannunsa bai mutu ba. Tun da aka ɗora ta, kwamfutocin wani asibiti da ke haya a wurinmu suke faɗuwa. Rannan wuni guda ma'aikatan jinya suka yi suna rubuta sakamakon gwaji da biro, marasa lafiya jibge a kan benci.

Da farko Oga ya ce zafi ne ya yi wa na'urorin yawa. Ya dawo ya ce wayoyin da ke haɗa su ne. Da ƙaryar ta ƙare, sai ya jingina laifin ga mai kula da rumbun ajiyarmu, bawan Allahn da bai daɗe da dawowa daga jinyar mahaifinsa ba. An riga an ba shi gargaɗi, a taron mako mai zuwa za a yanke ko a sallame shi.

Ni kuwa duk kwafin da na buɗe, wuri ɗaya yake kai ni: manhajar Oga. Takan saki wani gurbi a ƙwaƙwalwa, a ba wa wani, sannan ta dawo ta yi rubutu a ciki, kamar ɗan hayar da ya miƙa makulli ya dawo yana zube kayansa a gadon sabon mai ɗaki. Kuskuren da ɗan koyo ma zai ji kunyarsa.

Na same shi a ofis na nuna masa. Ya yi 'yar dariya, ya ce yarinya ce ni, ban san dawan garin ba. Da na je gidansu ƙarshen mako, ina goye da autarsu, sai ya ce in goge kwafin duka, wai suna cin wuri. Yayata, wadda ta riƙe ni tun rasuwar mahaifiyarmu, ta biyo ni har bakin ƙofa tana roƙona kada in tona asirin gidanta.

Anti, na raina mutumin nan raini mai tsanani. Ko gaishe shi na yi sai in ji bakina ya yi ɗaci. In goge, ko in tsaya a taro in kwance masa zani a gaban kowa?

Mai wankan gawa

*

Ƙanwata,

Kada ki goge komai. Wannan ba ya buƙatar dogon tunani. Mutumin da zai ɗauki kuskurensa ya rataya wa wanda ya dawo daga jinyar uba, sannan ya laɓe a bayan matarsa, bai cancanci ki ƙona sunanki dominsa ba. Kuskure a manhaja kowa na yi. Abin ƙyamar shi ne ƙaryar da ta biyo baya, ga marasa lafiya a tsakiya.

Amma ke ma ban sake ki ba. Na karanta wasiƙarki, na ga kin fi ba kwat ɗinsa da kofinsa wuri fiye da bawan Allahn da za a kora. Kin ji daɗin kama shi, kada ki ce a'a. In kika shiga taro da wannan rainin a fuskarki, za a manta da hujjarki, a ce rikicin dangi ne.

Ki rubuta rahoto a bushe: ga inda kwamfuta ta faɗi, ga layin da ya jawo, ga gyaran. Ki ba wani injiniya ya sake bin sawunki, domin ke ma kina iya kuskure. Kwafin kuma ya zauna a ofis, kada ki ɗauko shi gida, akwai sirrin marasa lafiya a ciki. Sannan ki koma wurin Oga ke kaɗai, ki gaishe shi da ladabi kamar yayanki, ki gaya masa rahoton zai isa sama kafin taro, kuma kin fi son ya kai shi da hannunsa. In ya kai, ya tsira da sauran mutuncinsa. In ya ƙi, ki kai.

Yayarki tsoro take ji, ba mugunta ba ce. Ki je ki zauna da ita, ki bar zagin mijinta, ki gaya mata wancan mutumin ma yana da gidan da yake ciyarwa. Tana iya yin fushi ta daina ɗaukar wayarki. Ki jure, ki ci gaba da zuwa.

Allah Ya ba ki ƙarfin zuciya, Ya sassauta harshenki, Ya bar ki da 'yar'uwarki.

Anti