Dutse na Biyar

Karewa, Jimeta
3 ga Oktoba, 2024

Ƙanwata Lilian,

Gaisuwa cikin sunan Ubangiji. Yaya Abuja, yaya maigidan da su Tracy? Mu nan lafiya lau, in ban da gwiwar Mama.

Na karanta mata jerin wasannin da kika turo na bikin cikarta shekara tamanin. Da muka zo kan na zagaya kujeru ana kiɗa, kowa ya ruga ya kama ɗaya, ta tambaya ko kin riga kin gayyato mai ɗorin karaya. Gasar "Wa ya fi sanin Mama?" kuwa, ta ce babu mai ci.

Carabke take so, wasan duwatsun nan na 'yan mata. Ta jawo tsohon gwangwanin madara daga ƙarƙashin gado, da duwatsu huɗu masu sulɓi a ciki. A da biyar ne. Ta ce in wadda ke riƙe da na biyar ba ta zo ba, mu sha bikinmu, ita tana ɗaki. Na ce bari in tsinto wani a waje, ta yi mini irin kallon ranar da na faɗi lissafi.

Shekara talatin ina koyar da tarihi, ban san tarihin gwangwanin gidanmu ba. Zan bincika.

Yayanki,
Othniel

11 ga Oktoba

Lilian,

Ina fatan tarin Tracy ya yi sauƙi.

Kin tuna Goggo Sakinatu, Bafulatanar da Mama ta kawo gida daga tasha a 2014, lokacin da mutanen Mubi suka gudo? Kullum da la'asar sukan ɓuya bayan kicin. Ni da ilimina na ɗauka tsintar wake suke yi. Ashe carabke ne. Goggo ba ta iya zama hannu sake, tana jiran labarin mijinta, shi ne Mama ta nemo mata abin yi.

Ranar da Goggo za ta koma, wasan yana kunnen doki. Ta ɗauke dutse ɗaya, ta ce a gidanta na Mubi za a raba gardama, har rago za ta yanka wa Mama. Daga nan lambarta ta daina shiga. Mama na cewa tsoron kaye ne ya ɓoye ta. Amma na lura ba ta taɓa tambaya ko tana raye ba, kuma ba ta so in tambaya a gabanta.

Na sa Bobboyi cigiya, tsohon ɗalibina, direban hanyar Mubi. A aji bai taɓa riƙe shekarar komai ba, amma ya san kakar kowa.

Ki gaida mutanen gida.
Othniel

20 ga Oktoba

Ƙanwata,

Ina gaisuwa, da fatan kuna lafiya. Zauna kafin ki karanta.

Goggo tana unguwar Alkalawa, nan cikin Jimeta! Keke napep ɗaya tsakaninmu, shekara tara. Ta tarar da gidan Mubi toka, mijin kuma bai dawo ba, sai ta juyo wurin 'yarta. Na tambaye ta abin da ya hana ta leƙo mu. Ta ce da wace fuska, ita da ta yi alkawarin rago, ba ta da ko ƙofar da za ta buɗe wa baƙo?

Jiya na kawo ta. Na zaci za a yi kuka da rungume-rungume. Mama ta dube ta sama da ƙasa, ta ce, "Kin tsufa, matsoraciya. Zauna." Goggo ta ce ai ta ba ta shekara tara ne ta koyi wasan. Sannan ta kwance bakin zanenta, ga dutsen.

Hannuwan sun daina jin magana. A jefa sama, dutse ya nufi gabas, hannu ya nufi yamma. Ni da digirina na yini a durƙushe ina kamo duwatsu ƙarƙashin kujera, kowacce tana rantsuwa ɗayar ce ta yi maguɗi. Mama ta ce a kai mata leshinta wurin tela, ran Asabar za ta kayar da ita a gaban jama'a. Don haka ki soke kujerun, ki zo da tabarma.

Abu ɗaya ban gane ba sai da safen nan. Da Goggo za ta tafi, ta sake ƙulle dutsen a zanenta. Mama na kallo, ta rufe gwangwaninta a kan huɗu. Ashe muddin dutsen na wurin Goggo, dole ta sake dawowa.

Allah ya kawo ku lafiya.

Yayanki, mai tsintar duwatsu,
Othniel