Hannun da ke Kafaɗar Innata

Zuwa ga Shugaban kamfanin da ya farfaɗo da fim ɗin hoto baƙi da fari,

Gaisuwa mai yawa, tare da fatan kana lafiya, kai da iyalinka da ma'aikatanka. Sunana Hadiza Abdu, malamar lakol, wato makarantar boko, a Cadakori, cikin jihar Maraɗi ta Nijar. Na ji labarin masana'antarku ta taɓa durƙushewa, ƙofa ta daɗe a rufe, yanzu kuma ku 'yan ƙalilan kun tashe ta. Allah ya sa albarka. Ban zo da faɗa ba. Na zo neman fuskar mahaifina, wadda ban taɓa gani ba, kuma ina da yaƙinin tana hannunku.

Ga yadda abin ya faru. Bayan babbar Sallah, ɗan kawuna Sanusi, mai ɗaukar hoton biki a Yamai, ya turo wani hoto zauren danginmu na waya yana tsokanata, wai ashe na shiga tallar Turawa ban gaya wa kowa ba. Hoton kwalin sabon fim ɗinku ne. A jikinsa wata matashiya ce mai zube irin namu na Gobirawa, ɗankwalinta ya ɗan zame, ta matse baki tana riƙe dariya. Aka yi ta raha, ni ma na yi. Da la'asar na kai wa Inna wayar don ta ga mai kama da ni. Ta kawo ta kusa da ido, ta daɗe tana kallo, amma ba fuskar take kallo ba. A kafaɗar matar akwai hannun namiji, yatsu da bakin hannun riga, sauran mutumin an datse shi. Ƙaramin yatsan a lanƙwashe yake. Inna ta ce, "Wagga ni ta. Hannun nan kau na mutumen ga na. Amalanke ta karya mai ɗan yatsan."

"Mutumen ga" shi ne mahaifina. Inna ba ta taɓa kiran sunansa ba, yana raye ko bayan ransa, haka alkunyarmu take. Ya rasu ina goye. Duk lokacin da na tambaye ta kamanninsa, sai ta ce namiji ne kamar kowa, ta aike ni ɗebo ruwa.

A ranar ne ta buɗe baki. Suna sabon aure ya ja ta rumfar Malam Garba mai hoto ranar kasuwar Tibiri. Mai hoto ya ce su matso, babana ya zarce ya ɗora mata hannu. Da suka dawo gida kunya ta rufe ta, ta rantse idan hoton nan ya shigo gidan surukanta, to ita ta koma gidansu. Shi kuwa ya biye mata, ba a je karɓa ba. Ana ta cewa sai an kwana biyu, har ta Allah ta kasance. Na bi sawu zuwa Tibiri. Malam Garba ya rasu, 'ya'yansa suka ce wani baƙo ya kwashi akwatin nagatif ɗinsa gaba ɗaya, wato fim ɗin da ake fitar da hoto daga jikinsa. Ku da kanku kun rubuta a shafinku cewa akwatin yana wurinku, kuna alfahari da cewa da fim ɗinku na da Malam Garba yake aiki.

To, ranka ya daɗe, ga ƙorafina.

Na ɗaya, ba ku nemi izinin kowa ba. Matar da ta hana surukanta ganin hoton nan, yau ga ta a kantunan ƙasashen da ko sunansu ba ta sani ba. Hajiya ce, tana da jikoki har da tattaɓa-kunne. Na san za ku ce ba ku san inda take ba. Amma wanda ya iya nemo akwati a Tibiri, da ya so, da ya tambayi tsofaffin kasuwa.

Na biyu, a ƙarƙashin hoton kun rubuta cewa wata yarinya ce daga Sahel, ba a san sunanta ba. An sani. Sunanta Rabi, haifaffiyar Gidan Sori, kuma duk mai sayen ƙuli-ƙuli a Cadakori zai nuna muku ƙofar gidanta.

Na uku, na rubuta muku da Faransanci ta adireshin da ke shafinku, na zayyana komai. Kafin in ajiye wayar amsa ta shigo, ana gode mini da nake sha'awar kayanku, ana yi mini tayin rangwame. Sanusi ya ce na'ura ce ta amsa, ba mutum ba. Da muguwar rawa gara ƙin tashi. Wannan ne ya sa na fito fili da wannan buɗaɗɗiyar wasiƙa.

Na huɗu, shi ne wanda ya fi ci mini rai: kun datse hoton. Na gane dalilinku, kwali ƙarami ne, kuma fuskar mace ta fi jan ido. A wurinku gefen nan saura ne, irin ƙyallen da tela yake zubarwa. A wurina uba ne. Na girma ina ƙura wa baffannina ido, ina tunanin ko hancin wannan ne da shi, ko goshin wancan. Wani ya ce mini dogo ne, wata ta ce a'a, madaidaici ne mai fara'a. Na gaji da ji, gani ya kori ji. Ban ɓoye muku ba, tun ranar nan nakan buɗa hoton da yatsu biyu in yi ta kallon hannun, ni mace mai furfura, har hawaye su zubo.

Kuma lokaci ba ya jiranmu. Yanar ido ta fara rufe wa Inna gani. Likita a Maraɗi ya ce za a yi aiki, amma bai yi mana alkawari ba. Ita kaɗai ce za ta kalli hoton ta ce mini shi ne, in yarda har zuciyata.

Saboda haka ina roƙon abu biyu. Ku wanke mana hoton cikakke, daga wannan gefe zuwa wancan, ba tare da an yanke komai ba, ku aiko ta hannun Sanusi. Sannan ku gyara rubutun nan, ku sa sunanta. Batun cire hoton daga kwalin kuwa na tambayi Inna, don hakkinta ne ba nawa ba. Ta ce, "Su bar shi, mi ya rage? Amma dai su maido shi kusa gare ni. Can na hana shi, yanzu ba ni hanawa."

Kun yanke shi don kwalinku ba shi da fili. Bangon ɗakin Inna yana da fili, har na buga ƙusa.

Allah ya ja zamaninka, ya tsare masana'antarku daga sake durƙushewa, ya jiƙan iyayenmu da naku.

Wassalam.

Hadiza Abdu
Cadakori