Harsashin Tsuntsu a Jikin Alade

Ƙanena Empaling,

Ina gaishe ka. Ya jikin Inna, ya mutanenmu na Kapit? Ni lafiya lau nake a Singafo, muna ta gyaran jiragen ruwa.

Saƙonka ya ɓata mini rai. Yanzu kai aladen daji za ka harba da harsashin tsuntsu? Sau nawa marigayi Baba ya nuna mana? Mai ƙananan ƙwayoyi na tsuntsu ne, mai manya na barewa, alade kuwa sai dunƙulen dalma. Ga shi ka ji masa ciwo kawai, ya farke cikin karenmu, yanzu kuma aladen yana ta yawo a gonar shinkafar da Inna ke zuwa ita kaɗai. Kada ta sake taka gonar nan sai an kashe shi.

Ka ce in zo da girbi in gama da shi. Zan zo, amma inji ya ɗan taɓa mini hannun dama. Ba wani abu ba ne, yatsa ɗaya ne, na jan kunamar bindiga. Kada Inna ta ji.

Allah ya tsare ku. Bindigar Baba taka ce yanzu, ka daina jirana.

Yayanka,
Nyanau